Majinyacin da ba zai tashi ya kai ƙararka ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha da kaina na fara, sannan 'yan uwana da Allah Ya ɗora wa shugabancin sashen kula da marasa lafiyar da likita ya ce magani ya kai iyakarsa, sai dai a sauƙaƙa musu raɗaɗi har wa'adi ya cika. Irin sashen nake riƙe da shi a wata ƙungiya da ba ta neman riba a nan Jos.

A kowane ɓangaren asibiti, idan ka wulaƙanta mutum, wata rana zai warke ya faɗa wa duniya. Namu ba haka ba ne. Wanda muke jinya ba zai tashi ya kai ƙara ofis ba, danginsa kuma gajiya da jimami sun hana su bin diddigi. Zai tafi da abin da muka yi masa, ya kai shi inda ba a ɓoye komai. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. A hadisin Muslim kuma, Allah zai ce ranar ƙiyama: ya ɗan Adam, Na yi rashin lafiya ba ka gaishe Ni ba. Idan wanda bai je gaisuwa ba zai ji wannan, ina ga wanda aka damƙa wa majinyacin, ana biyansa albashi a kansa?

A hunturun bara na bi ɗaya daga cikin nas-nas ɗinmu zuwa wani gida a Gangare. Wata dattijuwa ce, ciwon dajin nono ya fashe. Tun daga zaure warin ya tare mu. An ware mata ɗaki a ƙarshen gida, an saki labule, ana miƙa mata kunu daga bakin ƙofa, ga sanyin Jos, bargo ɗaya. Muka wanke gyambon da ruwan gishiri, muka niƙa ƙwayar Flagyl muka barbaɗa, domin tana kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo warin. Na ce, "Inna, ina ne ya fi damunki?" Na zaci ƙirjin za ta nuna. Sai ta ce, "'Yar nan, kwana nawa ban yi salla ba, jikina duk najasa." Muka kawo mata dutse ta yi taimama, muka tuna mata abin da Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ta yi azahar a kwance, hawaye na bin kunnenta. Bayan 'yan kwanaki warin ya ragu, jikokinta suka dawo ɗakin suna zama kusa da ita.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, sunanta ya yi mako biyu a rajistarmu. Ni na ɗage ziyarar, saboda ina rubuta rahoton masu ba mu tallafi. Astagfirullah. Rahoto zai jira, ita ba ta da lokacin jira.

Shugaba, ka ji tsoron Allah a kan maganin raɗaɗi. Mofin na ruwa da ake sha ta baki kowace awa huɗu rahama ce ga mai ciwon daji. Likita Anne Merriman da ta kafa Hospice Africa Uganda, ƙungiyar kula da irin waɗannan majinyata a ƙasar Uganda, a 1993 ta nuna cewa ana iya haɗa shi da araha a kai wa talaka har gida, kuma a 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa irin wannan kulawa ɓangare ce ta kiwon lafiya, ba alfarma ba. Amma har yau wasu dangi na cewa ƙwaya ce, wasu na cewa tana gaggauta ajali. Zauna da su ka yi bayani: idan likita ya auna shi daidai, ciwo yake kwantarwa, mutum ya samu barci, ya iya zikiri. Ka haɗa da maganin sakin ciki, domin mofin yana ɗaure bayan gida. Makullin akwatinsa kuma ya zama a hannun amintacce, duk abin da ya fita a rubuta, domin magani ne da doka ta sa wa ido. Kada ka bari ya ƙare ranar Juma'a da yamma mutum ya kwana uku yana murƙususu saboda ka manta sa hannu a takarda.

Sai maganar hoto, wadda ta fi ci min rai. Masu tallafi suna son ganin inda kuɗinsu ya tafi, gaskiyarsu ne. Amma ɗaga zanin mara lafiya a ɗauki gyambonsa a watsa a Facebook, ko da an ce ya yarda, wace yarda ce ga wanda maganinsa ke hannunka? Ka nuna musu rasit, ka nuna musu lissafi. Wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Kuma a garin nan muna jinyar Kirista kamar yadda muke jinyar musulmi; wanda ya nemi fasto a kira masa fasto, mutuncinsa amana ne a wuyanmu.

Ma'aikatanka ma kiwonka ne. Nas ɗin da ke juya majinyaci kowace awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, wadda ta rufe idon mutum uku a mako guda, zuciya ce da ita ba dutse ba. Ka biya ta a kan lokaci, ka ba 'yan sa-kai kuɗin keke, ka tambaye su yadda suka kwana. Idan ka ga mai haƙuri ta fara yi wa dangi tsawa, kafin takardar gargaɗi ka ba ta hutu.

Kuma ka koya musu faɗin gaskiya da taushi. Mun saba cewa "zai samu sauƙi insha Allah", dangi su sayar da fili su yi ta yawon asibiti. Rai a hannun Allah yake, ba wanda ya san rana, amma mutum yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki, ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi yafiya. Idan lokaci ya matso, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba a cika shi da surutu ba, a faɗi alheri a gabansa domin mala'iku suna cewa amin.

Inna ta rasu bayan mako biyar, da asuba, 'yarta na riƙe da hannunta. Mun je ta'aziyya ranar uku. 'Yar ta miƙo min ragowar kwalbar mofin a leda, na auna, na mayar cikin rajista. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe min mako biyun nan.