A Latin, ƙarshen kalma ake dubawa

Masu fara koyon Latin da yawa sun ɗauka sunan da ya zo farko a jimla shi ne mai aikatawa, kamar yadda muka saba a Hausa. Ba haka abin yake ba.

Duba "puella nautam amat", wato yarinya tana son matuƙin jirgin ruwa. Ko ka juya ta koma "nautam puella amat", ma'anar tana nan daram. Harafin "m" ɗin nan da ke ƙarshen "nautam" shi ke nuna wanda son ya faɗa a kansa. Ɗauke shi ka liƙa wa yarinyar, "puellam nauta amat", sai labari ya sha bamban: yanzu matuƙin ne ke son ta.

Wanda ya zauna gaban malam ya karanta nahawun Larabci ba zai ga baƙon abu ba, don i'irabi ne sak, wato sauyawar ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla, irin na "Zaidun" da "Zaidan". Sai dai Latin na da halayen i'irabi 6, sunayenta kuma sun kasu gida 5, kowane gida da irin ƙarshensa.

Shi ya sa nake roƙon ɗalibi kada ya haddace suna shi kaɗai. Ya riƙe "rex" (sarki) tare da "regis" (na sarki), domin siffa ta biyun ce ke faɗa masa gidan da sunan yake.