A koya wa ɗaliban likitanci faɗin "ban tabbata ba tukuna"

A farkon 2010 ƙananan yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Amai, jijjiga, sai suma. Lokacin zafi ne, don haka aka fara zargin sanƙarau ko maleriya. An ba da magani, yaran ba su farfaɗo ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka yi shakkar zaton farko, aka ɗebi jini aka gwada, sannan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu.

Wannan shakkar ita ce nake so a riƙa koyarwa da gangan. Ɗalibi yana shekara shida yana karatun likitanci, jarabawa tana nuna masa cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce. Ranar da ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya, uwa ta shigo da yaro jikinsa zafi rau, amsar na iya zama maleriya, ko taifot, ko zazzaɓin Lassa, domin dukansu da kama ɗaya suke farawa. Gwajin Widal da aka dogara da shi a asibitoci da yawa kuwa yakan nuna taifot ga wanda ba shi da ita. Likitan da bai saba zama da kokwanto ba sai ya rubuta "maleriya da taifot" ya huta. Idan Lassa ce, kwanakin farko da magani ya fi amfani sun tafi, ma'aikatan jinya kuma sun shiga haɗari.

Mu ma marasa lafiya muna da laifi. Likita ya ce sai an ƙara bincike, mu fito muna cewa "wannan bai san aikinsa ba", mu wuce kemis inda yaron shago zai faɗa mana ciwonmu ba tare da ya taɓa mu ba.

Wasu malamai na ganin koyar da wannan shakkar zai haifar da likitoci masu ɗari-ɗari. Ban yarda ba. Abin da za a koyar magana ce mai tsari: "Hajiya, na fi zaton maleriya ce, ga magani. Idan kwana biyu zazzaɓin bai sauka ba, ko kika ga jini a dasashinsa, ki dawo da shi ko da tsakar dare ne." Wannan likitan ya yanke shawara, ya kuma bar ƙofar gyara a buɗe.

A lokacin zagayen duba marasa lafiya, ya kamata babban likita ya riƙa faɗin nasa kokwanton a gaban ɗalibai, ya daina kunyata wanda ya ce bai sani ba. Hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya (MDCN) kuma, da yake ita ke tantance makarantun likitanci, ya kamata ta sa a ware maki a jarabawa ga ɗalibin da ya iya lissafo abin da ciwon zai iya zama, da alamar da za ta sa ya sauya ra'ayi.