Na'ura ta yi min sharri a bakin tanki

Kun dai san 'yar na'urar nan da ake rataya mana a wurin aiki kafin shiga tanki, mai auna iska huɗu: oksijin, kabon monoksaid, iska mai kama wuta, sai H2S, iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da safe an busa mata iskar gwaji, ta yi kuka yadda ake so, oksijin kashi 20.9 cikin ɗari cif. Ƙa'ida a maƙala ta a ƙirji kusa da hanci. Maƙalin tawa ya karye, sai na soke ta a bel ta baya.

Ana cike takardar izinin shiga na sunkuya ɗaure takalmi. Sai ji kake ƙiii ƙiii, jar fitila na walƙiya, abu na kakkarwa a ƙuguna. H2S ya haura kaso 10 cikin miliyan. Oga ya kwarma ihu, kowa ya ranta a na kare ya nufi inda iska ke busowa.

A wurin taruwa aka duba na kowa, sifili. Oga ya zura tiyon awo cikin tankin, sifili. Ya dawo ya dubi bel ɗina, ya dube ni, ya sake duban bel ɗin.

"Malam, a ina ka ce ka rataya ta?"

Wurin ya yi tsit. Na shiga bayani, cewa waɗannan na'urori suna tsufa, wata iskar daban ma tana ruɗa su. Na ƙara da cewa hanci yana jin warin H2S tun bai kai kaso 1 cikin miliyan ba, to wa ya ji wani wari a nan?

"Ni na ji," in ji abokin aikina Mai Gemu.

Mai Gemu fa! Mutumin da kullum mura yake yi, wanda waya ta ƙone a gabansa ya ce bai ji ƙauri ba. Shi ya fara gudu, har hular kwanonsa ya bari, ni na ɗauko masa. Ranar da ya makara wa ya rufa masa asiri? Yau hancinsa ya buɗe, har yana nuna ta gefen da warin ya fito.

Abin haushin, na'urar tana ajiye lissafi, da awa da minti. Oga ya ce zai sauke a kwamfuta ya saka a rahoto. Ban san me zai rubuta a gurbin musabbabi ba.

An dai ba ni sabon maƙali. Mai Gemu kuma har yanzu sifana ta na wurinsa.