Batirin sodiyom da farar wuta ba ruwan gishiri ba ne

A rumfar masu gyaran inbata a Agege na ji wani dattijo yana cewa an ƙirƙiro batirin gishiri, gobe-gobe zai kori na litiyom daga gidajenmu. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani.

Gaskiya ne gishirin miya yana ɗauke da sodiyom, kuma farar wuta tana da arha. Amma batirin sodiyom da farar wuta da kamfanin NGK na Japan ya fara sayarwa a 2002 sai ya kai zafin digiri 300 kafin ya yi aiki, sodiyom da farar wutar duka a narke, tangaram na musamman ya raba su. Na manyan tashoshin lantarki ne, ba na ɗakin haya ba.

Wanda zai yi aiki ba tare da wannan zafi ba, har yanzu masana na fama da shi, kuma matsalar tana sandunan batirin, wato gefensa biyu, na farar wuta da na sodiyom. Farar wuta ba ta ɗaukar lantarki. Idan ta haɗu da sodiyom sai ta kumbura, wani ɓangarenta ya narke ya tsallaka gefen sodiyom ya ɓata shi, caji ya riƙa raguwa. Don haka ake cusa ta cikin kabon (sinadarin gawayi) mai ƙananan ramuka, kamar soson wanka, ya riƙe ta kada ta zube.