Numfashi 20 daga gadon farko har na ƙarshe: ina ɗaliban nas suke koyon haka?

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin kwantar da marasa lafiya a asibitocinmu ya san abin da zan faɗa. Ka ɗauko takardar awo ta majinyata ka bi layin numfashi da ido, za ka ga 20, 20, 22, 20, safe da yamma, daga gadon farko har na ƙarshe. Tsoho mai ciwon zuciya 20, saurayin da aka yi wa aikin ƙaba jiya 20, wanda ke ta haki yana riƙe ƙarfen gado shi ma 22. Gaskiyar magana ba a ƙirga ba. An gwada zafin jiki saboda akwai ma'auni, an gwada BP, wato awon hawan jini, saboda akwai na'ura, shi kuwa numfashi da yake sai mutum ya tsaya cik minti guda yana kallon ƙirji yana kallon agogo, sai a rubuta lambar da aka saba a wuce.

Kuma abin da ya fi damuna, ɗalibin nas bai zo da wannan ɗabi'a daga gida ba. A fostin ɗinsa na farko, wato lokacin da aka tura shi asibiti koyon aiki, yake ganinta, ya ga na gaba da shi sun yi, babu wanda ya ce masa kul, kafin ya kai shekarar ƙarshe ta zame masa jiki. Shi ya sa nake ganin idan ana maganar horar da ɗalibai kan duba mara lafiya da tsara yadda za a kula da shi, daga wannan mintin guda ya kamata a fara.

Numfashi fa ba ƙaramin abu ba ne. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa shi ne ke fara canzawa kafin BP ya faɗi, kafin mutum ya fita hayyacinsa. A Ingila a 2012 Royal College of Physicians ta fito da tsarin ba da maki da ake kira NEWS, ta sabunta shi a 2017, ana haɗa numfashi, iskar oksijin a jini, BP, bugun jijiya, zafin jiki da kuma ko mutum yana cikin hayyacinsa, kowanne da makinsa, idan maki ya haura dole nas ta kira likita. A wannan tsarin numfashi 25 zuwa sama kaɗai maki 3 ne, mafi girman da awo ɗaya zai iya samu. A ɓangaren yara kuwa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da muke koyarwa a nan ta ce yaro ɗan wata 2 zuwa shekara idan ya kai 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, to a yi zargin limoniya. Sai mace mai jijjigar ciki ko haihuwa da aka sa wa maganin magnesium sulphate, kafin a ƙara mata allura ta gaba dole a duba numfashinta, a buga gwiwa a ga ko ƙafa tana amsawa, a auna fitsari kada ya gaza mil 30 a awa, domin maganin da ke ceton ta shi ne kuma zai iya tsayar mata da numfashi idan ya taru a jiki. Yanzu ka ce mini wanda ya saba rubuta 20 da ka, me zai gani a daren da numfashin matar nan ya fara raguwa? Kuma wannan a ƙasar da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 suka nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne.

To a makaranta me ake koyarwa? A takarda kam babu laifi. Manhajar Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ta tanadi tsarin jinya mai matakai 5: a duba mara lafiya a tattara bayanansa, a fitar da matsalarsa ta fuskar jinya, a tsara abin da za a yi, a aiwatar, sannan a dawo a ga ko an samu biyan buƙata. Tsarin daga Amurka ya taso tun shekarun 1950 da 1960, su Lydia Hall da Ida Jean Orlando suna cikin waɗanda suka ɗora harsashinsa, daga baya ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANDA da aka kafa a can a 1982 ta jera sunayen matsalolin jinya da ɗalibanmu ke haddacewa yau. Tsari ne mai kyau wallahi, ni ban taɓa ganin aibunsa ba, don shi ne ya fitar da nas daga matsayin mai jiran umarnin likita kawai ya mai da ita mai tunani da hukuncin kanta.

Matsalar ita ce yadda ya koma a hannunmu. Ɗalibi zai je fostin, a ce ya kawo littafin tsarin jinya na majinyaci kafin ƙarshen wata, sai ya buɗe fayil ya ga likita ya rubuta maleriya ko taifod, ya koma hostel ya ari littafin wani siniya da ya taɓa yin maleriya, ko ya sauko da shi daga intanet, yanzu ma har da su ChatGPT, ya canza suna da shekaru da lambar gado ya miƙa. Matsala ta ɗaya zafin jiki, ta biyu rashin cin abinci, ta uku ƙarancin sani game da cutar, kullum su ke nan, kuma a layin ƙarshe kullum an cimma buri. Malami ya duba rubutu ya yi kyau, layuka sun cika, ya ba da maki. Shi majinyacin da aka rubuta sunansa a bangon littafin wataƙila ɗalibin bai zauna da shi na minti goma ba, bai san cewa ainihin damuwarsa ita ce kuɗin magani sun ƙare kuma 'yan'uwansa na shirin ɗauke shi gida gobe da asuba ba. An yi shinge mai kyau, gonar kuwa ba a shuka komai ba.

Ga kuma wani abin da ba a cika magana a kai ba. Ana koyar da ɗaukar bayanin mara lafiya da Turanci, ana jarrabawa da Turanci, amma tsohuwar da aka kawo daga ƙauye da Hausa za ta yi magana, ko Fulatanci ko Barbarci. Za ta ce maka jikinta ne ba daɗi, ko iska ce, ko basir, ko sanyi ya kama ta, kuma kowanne cikin waɗannan yana iya ɗauke da cuta biyar. Sanin tambayar da za ka bi da ita har ka gano bakin zaren sana'a ce mai zaman kanta, kuma ban ga ana ba ta lokacin da ya dace a aji ba. Matar da ke zubar jini ba za ta faɗa ba muddin surukarta ko wan mijinta na tsaye a kanta, sai nas mai hankali ta ce Baba don Allah ɗan ba mu wuri, ta ja labule, ta rage murya. Wanda aka tambaya ko yana shan wani magani zai ce a'a, don a wurinsa jiƙo da sassaƙe da abin da aka sayo a kemis ba sa cikin lissafi, sai ka ambace su da sunansu. Mai ciwon suga a watan azumi idan ba ka tambaye shi ba, ba zai gaya maka yana shan ƙwayarsa da sahur ya wuni ba ci ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na ABU Zariya suka yi bincike suka nuna yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka kuma danganta shi da kunun kanwa mai yawa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Wannan ilmi a ƙasarmu aka samo shi, a kan iyayenmu mata. Amma jerin tambayoyin da ɗalibi ya haddace daga littafin Amurka babu inda aka ce ya tambayi mai jego kofi nawa na kunun kanwa take sha a rana. Mai jego ta zo da kumburin ƙafa tana haki idan ta kwanta, ɗalibar da aka koya wa duba mutum a inda yake za ta yi wannan tambayar tun kafin likita ya iso, kuma za ta san cewa da uwar mai jegon ko kakarta ya kamata a zauna a yi maganar cikin ladabi, don su ne masu dama kunun.

Wannan ya kawo ni kan mai jinya. A yawancin asibitocinmu ɗan'uwan da ke kwana a tabarma gefen gado shi ke ba da abinci, shi ke wanka, shi ke zubar da fo, shi ke sayo magani da ƙarin ruwa. Tsarin kulawar da aka rubuta ba tare da shi ba, a takarda zai tsaya. Ɗalibi zai rubuta a riƙa juya mai shanyewar ɓarin jiki duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito masa, daidai ne, amma wa zai juya shi ƙarfe biyun dare alhali nas ɗaya ko biyu ne a duti kan ɗaki cike? Ɗan nasa ne. To ya kamata ya zama cikin makin ɗalibi a gan shi ya kira ɗan nan, ya nuna masa da hannu yadda ake juyawa da inda ake sa filo, ya nuna masa ƙashin baya da dunduniya inda fata ke fara ja, washegari ya dawo ya duba ko an yi. Haka uwar yaro mai tamowa, a nuna mata tef ɗin awon damtse ta san me ake nufi idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5.

Na san abin da 'yan'uwa ma'aikatan jinya za su ce, kuma suna da gaskiya. Wanda ke riƙe da gadaje masu yawa shi kaɗai, ga allurai, ga karɓar sabbin majinyata, ga rubuce-rubuce, ina ya ga lokacin tsayawa kan ɗalibi? A farkon 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya faɗa cewa sama da nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Waɗanda suka tafi kuwa da yawansu masu gogewa ne, irin waɗanda ɗalibi ke koyo a hannunsu. A gefe guda a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ƙara gurbin ɗaukar ɗalibai daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, makarantu masu zaman kansu kuma sai ƙaruwa suke a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Ƙarin gurbi abu ne mai kyau, muna buƙatar nas sosai musamman a karkara. Amma ɗalibai sun ninka, gadajen asibitin da za su koyi aiki ba su ninka ba, masu koyarwa ma raguwa suka yi. Sai ka ga ɗalibai cincirindo a ɗaki ɗaya daga makarantu daban-daban, wasu a jingine da bango suna danna waya don babu wanda ya ba su aiki, ana aikensu karɓo sakamakon gwaji ko kai fayil. Wannan ba laifin yaran ba ne.

Ni a ganina hukumar ta daina kallon yawan azuzuwa da 'yan tsanan koyo a ɗakin gwaji kawai idan za ta ba makaranta izini ko ƙarin gurbi. Ta tambaya malaman aiki nawa makarantar ke da su waɗanda ke bin ɗalibai har bakin gado, ana biyansu don wannan aikin kaɗai, kuma ɗalibai nawa ne a hannun kowannensu. Makarantar da ta iya karɓar kuɗin makaranta masu yawa daga iyaye za ta iya ɗaukar nas biyu ko uku da suka yi ritaya, ga su nan birjik a gari da ilminsu da ƙwarinsu, da yawa za su so a kira su.

Sannan a rage yawan littattafan da ake nema a ƙara zurfi. Gara ɗalibi ya bi majinyaci ɗaya daga ranar da aka kwantar da shi har sallama, ya gabatar da shi da baki a bakin gado gaban malami, malamin ya sake ƙirga numfashin da kansa ya kwatanta, ya tambayi mai jinya ko ya san wannan ɗalibin kuma me ya koya masa. Wanda ya kwafo daga hostel nan take zai bayyana, ba sai an yi bincike ba. Kuma a bar ɗalibi ya rubuta ba a cimma buri ba idan ba a cimma ba, a ba shi maki a kan dalilin da ya kawo da gyaran da ya yi wa tsarin, don a asibiti na gaske zazzaɓi ba kullum yake sauka cikin awa ɗaya ba.

Jarrabawar aiki ta OSCE da ake yi yanzu, inda ɗalibi ke zagaya tasha-tasha ana duba shi, ita ma akwai damar da za a yi amfani da ita. A sa tasha ɗaya inda wanda ke kwaikwayon mara lafiya zai yi magana da harshen yankin kawai, ya ɓoye wani abu sai an tambaye shi ta hanyar da ta dace, a kuma sa wani ya tsaya a matsayin suruki ko miji a ga yadda ɗalibin zai yi da shi. Ɗalibar da ta zo daga kudu take karatu a Sakkwato ko Katsina a koya mata Hausar asibiti tun shekarar farko, kamar yadda namu da ke karatu a Ibadan ya kamata su koyi Yarbancin asibiti. Duk wannan ba ya buƙatar na'ura daga waje, kuma shugaban kowace kwalejin nas zai iya fara shi a jarrabawar cikin gida ta zangon nan ba tare da jiran takarda daga Abuja ba.