Kumburin fankiriyas: gaggawar ɗaukar hoton CT ba ta nuna tsananin ciwo

Idan aka kwantar da mutum saboda kumburin fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci, 'yan uwa kan matsa a yi masa hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka sashe-sashe, a ranar. A ganinsu jinkiri sakaci ne.

Sau da yawa ba haka ba ne. Likita kan gane cutar daga ciwon saman ciki mai ratsawa zuwa baya, da gwajin jini da ya nuna sinadarin lifes (lipase), wanda fankiriyas ke fitarwa, ya ninka iyakar da ake samu a jinin mai lafiya sau uku. Abin da CT ke nema shi ne naman da ya mutu, shi kuwa ba ya fitowa sosai sai bayan awa 72 zuwa 96 da fara ciwon. Hoton ranar farko zai iya fitowa lafiya lau alhali ɓarna na tafe, ga kuɗi an kashe, ga ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito, wanda kan wahalar da ƙodar mutumin da ke da ƙarancin ruwa a jiki.

Tsarin Atlanta, ma'aunin da likitoci ke amfani da shi kan wannan cuta wanda aka sabunta a 2012, shi ma da aikin gaɓoɓi yake auna tsanani: idan huhu, ƙoda ko zagayawar jini suka gaza fiye da awa 48, ciwon ya yi tsanani. Sikanin ciki na yau da kullum (ultrasound) shi ake yi da wuri, don a duba ko tsakuwar matsarmama ce sanadi. Ana gaggauta CT ne idan ana shakkar wata cuta daban, kamar hujewar hanji.