Samarin zango, kafin ku ɗaga tutar wani

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena na Aboabo, Asawase da Sabon Zango.

Shekaranjiya bayan isha na biyo ta wata majalisar ataya, na tarar musu ya kaure har ana nuna wa juna yatsa. Na ɗauka zancen ƙungiyar ƙwallon Kotoko ne, ashe Rasha da Faransa ake yi wa. Wani yaro da na halarci sunansa ya ɗago waya da hoton Kyaftin Ibrahim Traore, sojan da ya ƙwace mulki a Burkina Faso, ya ce mini: "Baba, irin wannan Gana take buƙata, soja ya zo ya share kowa." Ban tanka masa a gaban abokansa ba, amma maganar ta hana ni barci.

Fushinku yana da tushe, na sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga 1971 kamfanin Faransa ya yi shekara sama da hamsin yana haƙar yuraniyom a Arlit, amma yawancin ƙauyukan Nijar ba su san wutar lantarki ba. Sojan Faransa sun shiga Mali a 2013, suka fita a 2022, kashe-kashen da suka zo kashewa kuwa ya riga ya tsallaka Burkina da Nijar. Makaman da suka watsu bayan an rusa Libiya a 2011, ba talakan Sahel ne ya jefa bam ɗin da ya buɗe rumbunsu ba. Don haka da na ji irin shewar da aka yi wa Traore a Akra ranar 7 ga Janairun 2025, wajen rantsar da Shugaba Mahama, ban yi mamaki ba. Mutane sun gaji da rainin wayo.

Abin da nake so ku tambaya shi ne, da wancan ya fita, wa ya shigo, kuma me ya zo ɗauka? Sojan hayar Wagner na Rasha sun sauka Mali a ƙarshen 2021. A watan Maris na 2022, a garin Moura, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500, yawancinsu ba su riƙe da makami, kuma ranar kasuwa abin ya fara. Ku tsaya a kan wannan kalma, ranar kasuwa. Irinmu ne, masu talla da masu kiwo. A Burkina mutum sama da miliyan biyu sun bar gidajensu, garin Djibo ya yi shekaru abinci ba ya shiga sai da rakiyar soja ko ta jirgi. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta kwashe kayanta a 2024. Sin ta shimfiɗa bututun mai daga Agadem har gaɓar tekun Benin. Kowannensu da abin da ya kawo shi, wani zinariya, wani mai, wani wurin kafa ido. Ina tsoron kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, mu kuma muna nan Kumasi muna tafi.

Wannan rabon gona ba yau aka fara shi a kanmu ba. Kakanninmu fataken goro Salaga ce kasuwarsu. A 1888 Ingila da Jamus suka zauna can ƙasarsu suka shata yankin Salaga da Yendi, wai kada ɗayansu ya taɓa. Ba su tambayi sarki ba, balle madugu. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga, fatake suka watse, wasu Kete-Krachi, wasu nan. A 1899 Turawan suka raba abinsu, Dagomba ta tsage biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, sauran ƙasar hannun Ingila. Wasunku da kuke musu a kan tutar Rasha, jikokin waɗanda suka ɗauko tabarma a ka daga wancan rikicin ne.

Mulkin soja kuma, mu da muka ɗanɗana shi ku bar mu mu faɗa muku. Ranar 24 ga Fabrairun 1966 aka kifar da Nkrumah yana kan hanyar Hanoi, kuma takardun Amurka da aka buɗe daga baya sun nuna suna sane da shirin. An yi rawa a titi ranar, kamar yadda kuke yi yanzu a waya. Sai 1972, sai 1978, sai 1979, sai 1981. An rushe kasuwar Makola, an yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a da sunan kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi. A 1983 mun yi layin burodi tun asuba. Wanda ya hau da bindiga, ba ka da ranar da za ka ce masa ya sauka.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia, ta farar hula ce ma, ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Ina yaro lokacin. Maƙwabcinmu mai sayar da goro, a nan aka haife shi, ya sayar da gadonsa da keken ɗinkin matarsa a kuɗin da bai kai na buhun masara ba, ya hau babbar mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Mahaifiyata ta yi kwana uku ba ta ɗora tukunya da daɗin rai ba. Duk ranar da ƙasa ta rikice, ɗan zango ake fara kira baƙo. Yau ma ana yaƙi a bayan Paga, iyakarmu da Burkina, Bawku ba ta huce ba, idon hukuma yana kan duk mai jin Hausa ko Fulatanci. A irin wannan lokaci ne kai za ka hau TikTok kana kiran juyin mulki da sunanka da fuskarka?

Ku duba abin da ya same mu a 2023. Aka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta rufe iyaka, hafsoshin sojanta suka taru a Akra suna zancen yaƙi. Motocin albasar Nijar suka maƙale a iyakar Benin, kaya ya ruɓe a cikin buhu, farashi ya tashi a nan. Ba a taɓa albashin janar ko ɗaya ba, ba a taɓa na jakada ba. Dillali da ɗan dako da mai tuwo su suka biya. Tumatirinmu daga Burkina yake zuwa, shanun mayankarmu daga arewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake nema a shafa wa naka, ba fetur ba.

To ina roƙonku don Allah. Bidiyon da ba ku san wanda ya haɗa shi ba, kada ku tura. Yanzu na'ura tana sa wa shugaba maganar da bai faɗa ba, kuma akwai waɗanda ake biya don su hura muku wuta. Wanda ya zo da zancen aikin gadi a ƙasar waje, ko wani "aikin Allah" a daji, da kuɗi a hannu, ku kai maganar wurin liman ko Sarkin Zango tun kafin ku karɓi sisi. Wanda bai yi katin Gana ba ya je ya yi, ya kai tsohuwarsa ita ma. Ɗan gudun hijira in ya sauka a unguwa, ku ba shi ruwa da tabarma, ku sanar da mai unguwa, kada ku bari a yi masa kuɗin goro da 'yan bindiga don kawai Bafulatani ne. In gwamnati ta ɓata muku rai, kun ga yadda aka sauya ta da ƙuri'a a 2016 da 2024 ba tare da an rufe kasuwa ba.

Kai kuma ɗana mai hoton Kyaftin, ban yi fushi da kai ba. Ranar Asabar da safe zan je kasuwar albasa ta Kwadaso, ka zo ka raka ni. Akwai direbobin da ke bin hanyar nan ta arewa, za mu saya musu koko mu zauna. Ka tambaye su shinge nawa suke wucewa kafin su iso, da ƙauyuka nawa suka sani a da waɗanda yanzu babu kowa a cikinsu.